Unguwar da Ba a Sari Kowa Ba

Ƙudaje ne suka fara sani. Tun kafin warin ya kai hancin Balkissa sun taru a kan tsumman da aka naɗe hannun mijinta da shi. Ta kore su da mafici, su yi kewaye ɗaya su dawo.

Kwana biyar ke nan da aka sari Souley. Da rana tsaka aka yi, a bayan gonakin Lamadji, inda wasu mutum biyu suka tsayar da babur ɗinsa na haya kamar fasinjoji. Ya ƙi sakin kan babur, suka sa masa adda. Babur ya tafi, hannu ya dawo gida a rataye.

A ranar Balkissa ta kai shi asibiti. Malamar da ke karɓar marasa lafiya, wata doguwa mai tabarau, ta tambayi abin da ya faru. Souley ya faɗi gaskiya, don ita kaɗai ya iya. Matar ta ajiye biro. Ta ce musu da Larabci, tunda sara ne, likita ba zai taɓa ba sai da takarda daga komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Ta wanke bakin ciwon ta ɗaure, ta ce su je su dawo.

Komisariya ba ta da nisa da unguwarsu, Ridina. Sai dai mai kai ƙara yakan fara ajiye takardarsa ta zaman ƙasa a kan tebur, ta Souley kuwa ta mutu tun azumin bara. Kuma babu wanda ya manta da Idi mai gyaran takalmi, wanda ya je ƙarar an ɗauke masa akwatin aiki. Kwana tara ya yi a tsare, daga nan aka ɗora shi a mota zuwa kan iyaka. Wanda ya ɗauki akwatin har yau yana shan shayi a bakin kasuwa.

Don haka aka yi yadda aka saba. Wanzami ya zo ya barbaɗa garin magani, maganar kuma aka kai ta zauren Alhaji Abdulgani.

Kakan Alhaji ya baro ƙasar Hausa a ƙafa zai tafi Makka, ya yada zango a nan, zangon da har yau ba a tashi ba. Shi Alhaji haifaffen Ridina ne, takardunsa cikakku, Larabcinsa ya fi Hausarsa santsi. Duk wanda ya sauka daga Nijar a zaurensa yake fara ajiye jaka, duk rigimar da ta tashi kuma a nan take kwanciya.

Balkissa ta durƙusa daga bakin ƙofa ta faɗa masa. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce ta jira Alhamis. An canza kwamishinan 'yan sanda, in ji shi. Tsohon kwamishinan ya tafi ne saboda gidajen rediyo sun ishi manya da zancen satar babura. Sabon ya buɗe littafin ƙararraki, ya tarar wata goma sha biyu babu ƙara ko ɗaya daga layukan Hausawa. Ran Alhamis zai zo da masu ɗaukar hoto ya ba unguwa takardar yabo. A ranar Alhaji yake so ya roƙa wa duk masu matattun takardu sassauci, har da Souley.

“In kika kai ƙara yau, 'yata, kin ɓata masa littafi. Wanda aka ɓata wa littafi kuwa ba ya jin roƙo.”

“Baba, hannun wari yake.”

“Na sani. Kwana biyu ne.”

Ya ƙara da cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse. Ta so ta ce dutse ba ya ruɓewa. Ta yi godiya ta tashi.

Ran Laraba zazzaɓi ya rufe Souley. Yana kwance yana kiran fasinja, unguwar Moursal, Moursal, saura mutum ɗaya. Yatsu biyu suka yi baƙi kamar gindin tukunya. Da ya ɗan dawo hayyacinsa ya ga ta ɗauki mayafi, sai ya riƙe bakin zanenta da hannun da ya rage, ya ce Maman Wasila, kada ki je, baƙo raɓa ne. Ta ce ruwa za ta ɗebo. Ruwan ta ɗebo.

Ran Alhamis aka kafa rumfa a ƙofar gidan Alhaji, kujerun roba a gaba, tabarmin mata a gefe. Kwamishinan bai kai yadda Balkissa ta zata ba. Siriri ne, kakinsa a goge, idanunsa na wanda bai ƙoshi da barci ba. Ya yi magana da Faransanci, wani ɗan sanda ya juya ta Larabci, Alhaji ya juya ta Hausa, kafin ta iso tabarma ta huce. Ya ce ya zo ne ya gyara tsakanin jama'a da 'yan sanda. Ya ce ƙofarsa a buɗe take. Ya ce in akwai mai kuka a nan, ya tashi yanzu.

Babu wanda ya tashi. Kusa da Balkissa, Mu'minat da aka kwashe wa awaki a watan jiya ta dage da gyaran ɗaurin ɗankwali.

Balkissa ta miƙe.

Alhaji bai ko ƙifta ido ba. Ya nuna ta da tafin hannu, ya ce ga wakiliyar matan unguwa, ita za ta karɓi takardar yabon. Aka yi tafi. Kafin ta haɗa kalma an tura ta gaba, an sa mata takarda mai kauri a hannu, masu hoto suna cewa ta ɗaga sama. Kwamishina ya dafa ƙirji ya ce shukran. Ta buɗe baki. A bayan kafaɗarsa ta ga ɗan sandan da ya tasa ƙeyar Idi zuwa mota, yana tafi tare da kowa. Ta rufe bakinta.

Amma ba ta miƙa wa Alhaji takardar ba. Ba ta karatun boko, sai dai ta san hatimi in ta gan shi, ga shi nan shuɗi, da sa hannu a ƙarƙashi. Takarda daga komisariya aka ce. Tun ana rabon lemo ta ninka ta huɗu ta cusa a mayafi, ta zame ta nemo taksi, ta ɗauko Souley suka koma asibiti.

Mai tabarau ta gane su. Ta karɓi takardar ta warware, ta daɗe tana karantawa. Sannan ta kwance tsumman hannun, ta kau da fuska.

“Kin san abin da ke cikin takardar nan?”

“Hatiminsu ne.”

“Ta ce wata goma sha biyu ba a yi sata a unguwarku ba, ba a sari kowa ba.”

Balkissa ta sake duban hatimin. Fanka tana juyawa a sama ba ta kawo iska. Matar ta cire tabarau ta murza idanu, ta mayar, ta ɗauki biro.

“To. Tunda hukuma ta ce ba a sari kowa ba, me ya sami mijinki?”

Souley ya motsa leɓe zai yi magana. Balkissa ta ɗora hannu a gwiwarsa ta danna.

“Kwanon rufi ne ya faɗo masa.”

Matar ta rubuta. Ba ta ɗago kai ba ta ce kwano yana yawan faɗowa bana.

Aka tura Souley ciki a kan gado mai taya. Can likita ya leƙo ya ce yatsun biyu sun riga sun tafi, da an zo shekaranjiya da wata magana ce. Sauran hannun kuwa sai an buɗe an gani.

Balkissa ta zauna a benci. Ta shimfiɗa takardar a kan cinyarta tana murje layukan ninki da gefen hannu. Alhaji ya ce gilashi za a sa mata, a rataye a zaure.