Takardar da Aka Soke a Ƙusa

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, sai dai ba kullum wuyan mai shi yake kamawa ba. Wannan karon wuyan maƙwabcina mai guga ya kama.

Ina zaune a bencin ƙofar kemis ranar da ya kwance tsumman da yake ɗaure wuyansa da shi. Ƙullutu ne ya fito masa a ƙarƙashin muƙamuƙi, babu zafi, ya yi laushi ya fashe, yana ta tsiyayar ruwa. Nan ya kame, can ya buɗe. Wata nas a ƙaramin asibiti ta ce tana zargin tarin fuka na fata, ta ba shi takarda mai shuɗin hatimi ya kai babban asibiti, a ɗan yanki fatar a gwada, a ɗauki hoton ƙirji. Shi kuwa wuƙa yake tsoro. Sai ya kawo takardar wurin ƙanin matarsa mai kemis, wanda unguwa ke kira Dakta saboda ya taɓa sharar ɗakin magani.

"Yaya, kana tari?" in ji Dakta.

"Ba na yi."

"To ina tarin fukan? Maruru ne. So suke su koyi yanka a jikinka."

Ya soke takardar a ƙusar da yake tara takardun naɗe ƙwaya. Na ce a dai je a gani, ya ce in ji da ciwon gwiwata.

Wata goma sha huɗu yana shafa masa mai, yana tsira masa allura. Mutumin da ke ɗaga dutsen guga cike da gawayi kamar cokali ya koma sai ya huta sau uku kafin ya gama riga ɗaya. Rama, gumi, zazzaɓi. Masu kawo kaya suka janye, don ba mai son ruwan miki a kwalarsa. Da ya faɗi a kan teburin guga ni na raka shi babban asibiti. Aka yanki fatar, abin da aka cire bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Likita ta ce abin da nas ta zarga ne, kuma ya riga ya ci huhu. Ta ce da an zo da wuri, maganin wata shida ne. Kwana tara ya yi.

A wurin gaisuwa na ji Dakta yana share hawaye yana gaya wa mutane babu irin roƙon da bai yi wa marigayi ba ya tafi asibiti, taurin kai ya hana shi. Takarda kuwa, wai bai taɓa ganin wata takarda ba. Na buɗe baki, ya ce tsufa ya fara taɓa ni. Rana dubu ta ɓarawo.

Kashegari na je sayen ƙwayar gwiwa. Na ce hannuna na rawa, ya naɗe mini da babbar takarda, daga can ƙasan ƙusa. Ya zaro ba tare da ya duba ba, ya naɗe, ya zana mini layi uku a baya kamar yadda ya saba. Ban iya karatu ba, amma na gane shuɗin hatimin.

Na koma gidan rasuwa, tsakar gida cike, na miƙa wa matar marigayi.

"'Yata, ke kin yi makaranta. Karanta mana, da ƙarfi."

Ta karanta sunan mijinta, da kwanan wata, da kalmar gaggawa da aka ja wa layi. Ta juya bayan, ta ga rubutun ƙaninta. Ta sa yatsa a hujin ƙusar, ta daɗe ba ta cire ba.

Alhaki kwikwiyo ne. Ga abin da ya bi mai kemis ya cinye: yayarsa, wadda har yau ba ta amsa gaisuwarsa. Sunan Dakta, wanda ko masu tsokana sun daina kira. Shagon, wanda jami'an lafiya suka garƙame. Bencin ma na ɗauke, dama nawa ne.

Yanzu a ƙofar mai guga nake ajiye shi. Dutsen gugar na nan kan tebur, da tokar ranar ƙarshe a ciki.