Cokali Biyu na Ganyen Gwaza

Kwana shida da yi wa Uelese aikin zuciya, ya fara zuwa banɗaki da ƙafarsa, amma jininsa ya ƙi yarda a sallame shi. Tsaga ƙirjinsa aka yi, aka cire bawul ɗin zuciyar da zazzaɓin yarinta ya cinye, aka sa na ƙarfe. Shekara goma sha bakwai yana tuƙa bas a kudancin Auckland, bawul na taya kawai ya sani. Yanzu ga shi da nasa a ƙirji yana ƙyas-ƙyas kamar agogon bango, har matarsa Tepora ta ce ta huta da sayen batir.

Shi ƙarfe, jini ba ya shiri da shi. Dakta Menon, wata 'yar siririyar mata da ba ta iya ɓoye magana ba, ta gaya masa in jinin ya yi kauri zai daskare a kan bawul ɗin, gudan ya ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Saboda haka zai sha wafarin, maganin tsinka jini, ƙarfe shida na yamma har ƙarshen rayuwarsa. Kowace safiya kuma za a ɗebi jininsa a fitar da lamba. In lambar ta kai biyu da rabi, ba ta wuce uku da rabi ba, a cire masa ledar ruwan da yake ja a kan sanda ya tafi gida.

Lambar ta tsaya a ɗaya da ɗigo uku. Aka ƙara masa ƙwaya, ta motsa zuwa ɗaya da ɗigo huɗu. Aka sake ƙarawa, ta dawo inda ta fito. Dakta Menon ta tambaye shi ko yana cin wani abu bayan abincin asibiti, musamman ganye, don ganye mai yawa yana rage wa maganin ƙarfi. Uelese ya dubi silin ya ce shi dai abin da aka ba shi yake ci. Kuma ba ƙarya ya yi ba, in an bi ta wani wajen.

Mai ba shi ɗin ita ce Gwaggo Maselina, yayar mahaifinsa, shekara saba'in da shida. Ƙarfe biyu na rana, da an buɗe ƙofa ga masu dubiya, za ta shigo da farar hularta ta coci da jakar kula, ta ja labule ta zagaye gadon. Sai ta warware ƙunshi uku na palusami, ganyen gwaza da aka gasa da madarar kwakwa, mai zafi yana tururi. Ta zauna ta harɗe hannu tana kallon bakinsa har ya cinye.

To a wajenmu 'yan Samoa, 'yar'uwar uba ba a ce mata a'a. Bakinta ake tsoro. In ta sa maka albarka ta bi ka, in ta yi shiru kawai ma sai ka kwana uku kana binciken laifinka. Ƙato kamar Uelese, mai 'ya'ya huɗu, wanda fasinjojin da suka sha giya ke shiga taitayinsu in ya waiga, a gabanta ɗan shekara bakwai ne. Ga wani abin kuma da duk dangi suka sani ba a faɗa. Tare Uelese ya yi zazzaɓin nan da ɗanta Peniamina a ƙauyensu na tsibirin Savai'i, can Samoa. Peniamina bai kai shekara ashirin ba, numfashi ya gagare shi, ya rasu a kan tabarma tana yi masa fifita.

Tepora ta ce masa ya gaya wa gwaggon gaskiya mana. Ya ce ita ta gaya mata. Tepora ta ce ai ita auro ta aka yi, ba ta gaji da zama a gidan ba tukuna. Aka bar maganar a nan.

Rana ta tara asiri ya tonu, kuma ba wani bincike aka yi ba. Dakta Menon ce ta makara a zagayenta, ta ɗaga labule ƙarfe biyu da kwata, ta tarar da majinyacinta da madarar kwakwa a gashin baki. Ta dubi ƙunshin, ta ƙirga, ta tambayi tun yaushe. Ya ce tun ranar da aka fito da shi daga ɗakin kulawa ta musamman. Ta ce ya gaya wa tsohuwa wannan ganyen ne ke riƙe da shi a asibiti, kuma shi zai iya jawo masa gudan jinin da ake gudu.

Uelese ya juya ya ce da harshenmu, "Gwaggo, likita ta ce ƙamshin abincinki ya cika ɗakin."

Ya manta, ko tsoro ya mantar da shi, cewa Gwaggo Maselina ta yi shekara ashirin da biyu tana goge daɓen wata makaranta a garin nan. Turanci ba ta yin sa ne don ba ta ga wanda ya isa ba, amma tana ji tsaf. Ta naɗe ragowar palusamin, ta zuge jakarta, ta gyara hula, ta fita. Ko addu'ar da ta saba yi masa kafin ta tafi ba ta yi ba.

Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka. Uelese ya ci dankalin asibiti da ba gishiri, yana kallon ƙofa daga ƙarfe biyu har a kori masu dubiya. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kunya kuma ta fi ɓacin ran. Lamba dai ta samu hanya. Ta haye biyu, ta tsallake biyu da rabi ko sallama babu, kamar bas ɗin da ya cika, a kwana na uku ta kai huɗu da ɗigo takwas. Ya goge haƙori ya tofar da ja. Inda aka ɗaura masa abin awon hawan jini ya yi baƙi ƙirin. Maganin da aka yi ta ƙarawa don ya yi kokawa da ganye ya waiwaya bai ga abokin faɗa ba, ya koma kansa.

Aka dakatar da ƙwayar kwana biyu. Dakta Menon ta zauna a bakin gadon, abin da ba ta saba ba, ta ce ita ma ta yi gaggawar magana. Ganyen ba guba ba ne. Abin da maganin ba ya so shi ne yau tuli, gobe babu. In zai ci, ya ci daidai gwargwado kullum, ita kuma ta auna ƙwayar a kan haka. Ta tambaye shi nawa zai iya riƙewa. Ya ce wannan ba shi ke yankewa ba.

Tepora ce ta je ta ɗauko gwaggon, bayan ta zauna a ƙasa a falon tsohuwar kusan awa guda tana ba da haƙuri a kan laifin da ba nata ba. Gwaggo Maselina ta shigo ƙarfe biyu, hannu babu jaka. Ba ta dubi Uelese ba. Ta tsaya a gaban likita, ta yi magana da Turanci, karo na farko da ya taɓa ji a bakinta.

"Na yi ɗa mai irin ciwon nan. Wata biyar ina dafa masa ganyen nan safe da yamma, don shi kaɗai yake iya haɗiyewa. Ki gaya mini, ni na kashe shi?"

Sai a lokacin Uelese ya gane ba fushi ne ya hana ta zuwa ba.

Dakta Menon ta tambaya ko an yi wa yaron aiki, ko yana shan wannan magani. Gwaggo ta ce a Savai'i, a wancan zamanin, wa zai yi masa. Likitar ta ce to ganye bai yi masa komai ba sai ƙoshi. Abin da ya rasa shi ne wannan, ta nuna ƙirjin Uelese.

Gwaggo Maselina ta matso kusa da gadon. Sannan ta cire hularta ta miƙa wa Tepora, ta sunkuya ta kara kunnenta kusa da ɗinkin, a hankali, ba ta jingina nauyinta ba. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙyas-ƙyas ɗin ƙarfe. Uelese ya ji ɗumin hawayenta ya ratsa rigar asibiti, bai motsa ba, don ko tari sai ya rungumi filo yake yi.

Ta ɗago ta goge fuska da bayan hannu, ta tambayi likita nawa ne daidai gwargwadon. Suka yi ciniki kamar a kasuwar Asabar. Gwaggo ta fara daga ƙunshi guda, likita daga cokali ɗaya, aka tsaya a babban cokali biyu, kullum da rana.

Kwana huɗu bayan nan lamba ta zauna a biyu da ɗigo takwas, aka cire ledar ruwa, aka ce gobe gida. Ƙarfe biyu gwaggo ta zo da ƙunshi ɗaya da cokalin da ta ɗaura wa jan zare a wuya don kada ya ɓata cikin sauran. Ta ɗebo ɗaya, ta share kansa da wuƙa, ta ba shi. Ta ɗebo na biyu. Uelese ya haɗiye, ya ji daɗinsa har ƙasan ransa, ya miƙa hannu zai ƙara.

Ta make hannun, amma a hankali, don an gaya mata yanzu jikinsa ba ya son duka.

"Na binne ɗaya," ta ce. "Kai biyu za ka ci."

Ta naɗe sauran ta mayar jaka.