Motar da Ba Ta Sallama

Tun ranar da Baban Fatiha ya kawo mota daga Kwatano, ban sake jin wata hira a gidanmu ba sai ta batir. Maigidana ne, ɗan kasuwar albasa a Madawa, mutum mai kunya da ƙarancin magana, amma mota ta mayar da shi mai wa'azi. In baƙo ya zo, kafin in kawo ruwa an fitar da shi ƙofar gida, an zaunar da shi a kujerar gaba, ana nuna masa wani ɗan allo mai kibiyoyi suna kai da komo.

"Ibirid ta," haka yake farawa. "Tana shan isansi, fetur ke nan, tana shan wuta. In kat taka birki, ita ka cika batir da kanta. Saurara, ka ji wani abu? To a tashe take!"

Baƙo ya kasa kunne, bai ji komai ba, ya ce ma sha Allah. Har mai kawo mana ruwa a baro ya sha wannan karatu, ga jarkoki suna jiran sa a rana.

Ni dai ban ga laifinsa ba, don na san abin da muka sha a hannun tsohuwar motarmu. Mai Tari ake ce mata, kuma ba mu muka raɗa mata sunan ba, mutanen hanya ne. In ta tashi a unguwarmu, kaji sai sun watse. Na tura ta da goyo, na tura ta da ankon biki. Ranar da aka sayar da ita na dafa shinkafa da kaza.

Abu ɗaya ya rage wa Baban Fatiha. Duk abin da ya mallaka a duniya, sai Inna Biba, mahaifiyarsa, ta ɗora hannu a kai ta sa albarka. Buhunsa na farko na albasa ta shafa shi. Mai Tari ma, da duk halinta, ta samu addu'ar Inna. Ya ce mini, muddin hannun Inna bai taɓa wannan ba, shi a wurinsa motar aro yake tuƙawa. Inna kuwa tana ƙauye bayan Deule, idanunta sun yi rauni, kuma ta ce ba mai raba ta da ɗakinta. Fatsima, matar ƙanensa da ya tafi cirani, ita ke kula da ita.

Muka kama hanya ran wata Juma'a, ni da shi da yara, Fatiha da Nazifi. Gaskiya motar akwai daɗi. Muka wuce Buza ina jin abin da yara ke faɗa a baya, abin da ban taɓa samu ba a Mai Tari. Ashe duk shekarun nan faɗa suke yi.

A Deule ya tsaya gaida ƴan majalisar bakin kasuwa, waɗanda suka san shi tun yana yaro. Yana taka birki injin ya yi tsit, kamar yadda ya saba. Tsoho Maiguwa ya leƙo ta taga, ya kasa kunne, ya girgiza kai.

"Wayyo, sabuwa hul kuma ta mutu? Ku taso, jama'a, motar ɗan Biba ta mutu!"

"Baba, ba mutuwa tay yi ba, ibirid..."

Ina! Mutane sun riga sun naɗe hannun riga. A Deule ba a tambayar mai mota ko yana son turi, musamman wanda aka shekara ana tura shi. Maigidana ya dubi dattawa da furfura sun dafa bayan motarsa, kunya ta hana shi cewa su bari. Ya saki birki, mota ta fara tafiya a hankali da ƙarfin batir, su kuma suna biye suna nishi.

"Jefa ta deziyem!" in ji Maiguwa, wai giya ta biyu. "Deziyem, yaro!"

Motar da ko giyar hannu ba ta da ita. Da muka kai ɗan hawa ya taka totur, injin ya kama, sai ihu ya tashi a bayanmu: ta tashi, ta tashi! Ya fito da hannu ya yi musu godiya. Ni kuwa na cusa baki a mayafi har hawaye. Ya ce in na faɗa wa kowa a Madawa ba ni ba shiga gaban mota. Na faɗa wa mutum uku kawai, kuma dukansu masu riƙon asiri ne irina.

Ƙauyen su Inna a kwari yake. Daga wani tudu mai duwatsu, inda wani babban gawo yake, sai gangara har ƙofar gida. Motar ta sulale ba ko tari. Awaki ma ba su kauce ba, sai da Nazifi ya sauka ya kore su. Baban Fatiha yana ta murmushi, wai zai ba Inna mamaki.

A duk shekarun aurena, hoton Inna ɗaya na sani. Kullum muka iso tana zaune a kujerarta bakin rumfa, kallabi a ɗaure, kwalli a ido, ga ƙamshin turare, ga fura a dame. Tana jin sallamarmu za ta ce wa ɗanta, "Mahfuzu, ka iso?" da murya kamar ta budurwa.

Ranar muka shiga, muka tarar da wata tsohuwa a ƙasa. Kanta ba kallabi, gashi fari fat a hargitse, tsumma ɗaure a gwiwoyinta duka biyu. Tana jan jiki da hannuwa za ta kai ga buta, tana nishi ƙasa-ƙasa. Fatsima ta tafi rijiya. Sai da na sake dubawa na gane Inna ce.

"Salamu alaikum," in ji Baban Fatiha.

Inna ta daskare. Ta kai hannu kanta tana lalube, babu abin rufawa. Na cire mayafina na yafa mata.

"Wa aw wanga?" ta ce, alhali ta sani sarai. "Da ƙahwa kunka taho?"

"Da mota, Inna. Sabuwa. Ita nik kawo ki sa ma albarka."

"Mota? Ni ban ji mota ba."

Nan fa malamin batir ya samu ɗaliba. Ya durƙusa ya fara bayanin wuta da isansi da kibiyoyi. Na yi masa ido, bai gani ba. Inna ta bar shi ya kai aya, sannan ta juya fuska bango.

"Abin da ka shigowa gidan mutane ba sallama, awa ɓarawo, ba ni taɓa shi. Mai da abinka."

Ya roƙa, ta ƙi. Ya ce ko a kai ta asibitin Buza a duba gwiwar, ta ce lafiyarta lau, hutawa take yi. Ya fita ya zauna a gindin katanga kusa da motarsa, ya rasa laifin da ya yi. Na ji tausayinsa ƙwarai, amma na fi jin na Inna.

Na ɗauko man zafi na zauna ina matsa mata ƙafa. Can ta ce, "Mardiya, ina waccan ta da?"

"An sai da ta, Inna."

"Kayya. Ita kam ta san mutunci." Sannan ta ci gaba a hankali. "Tun tana bisa tudu nika jin ta. Hwatsima ta yada abin da taka yi ta sheƙo, ta tashe ni, ta kwance tsumman ga, ta ɗaura min kallabi, ta aza ni bisa kujera. Kahin ku gangaro na zama mutum. Shekara nawa ɗana bai gan ni ƙasa ba? Yau ga shi ya gani."

Na tuna shinkafa da kazar da na dafa, na ji kunya.

A hanyar komawa, da yara suka yi barci, na faɗa masa. Har muka wuce Buza bai ƙara nuna mini kibiya ko ɗaya ba. Amma namiji namiji ne. Washegari ya tafi garejin Audu makanike, wai a huda masa bututun hayaƙi motar ta riƙa ƙara. Audu ya yi dariya har ya zauna a kan taya. Ya ce ko an huda shi kamar rariya, a gangara injin barci yake yi, wa zai yi ƙarar? Ya dawo gida yana zancen ko ya nemo wanda ya sayi Mai Tari.

"Baban Fatiha," na ce, "motar taka mai allo da kibiya, ba a sa mata oda ba?"

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

Da muka sake zuwa, bai tsaya a Deule ba, hannu kawai ya ɗaga wa su Maiguwa, su ma suka ɗaga suna shirin tasowa ko da za a buƙace su. A kan tudu ya ajiye motar a inuwar gawo, ya danna oda mai tsawo, ya sake dannawa, har tantabaru suka tashi daga rumbunan ƙauyen. Sannan ya naɗe hannu ya zauna. Mutumin da ya cika Madawa da labarin motar da ba ta ƙara, ga shi yana tashin gari guda. Fatiha ta ce, "Baba, mi muka jira?" Ya ce iska muke sha. Daga nan muna hango wata mace ta ajiye tulu a bakin rijiya ta ruga gida.

Muka gangara a hankali. Inna tana kan kujerarta bakin rumfa, ga turare, ga fura.

"Mahfuzu, ka iso?"

"Na iso, Inna."

Na lura kallabin a bai-bai yake, kwallin ido ɗaya ya zarce har kunci, kuma tana haki kamar wadda ta yi gudu. Na san shi ma ya gani. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, yau kam jiki ya yi kyau."

"Dama mi as same ni?" ta ce. "Ina abar taka? Na ji ta koyi gaisuwa."

Ya kawo motar dab da ƙofa. Ta kama kafaɗarsa, Fatsima ta riƙe ɗaya hannun, suka fita taki ɗaya-ɗaya. Ta shafa murfin gaba, ta shafa madubi, ta kasa kunne.

"A tashe take yanzu?"

"A tashe take, Inna."

"Ikon Allah. Halinka gare ta, ba ta magana sai an matsa." Ta ɗora tafin hannunta duka biyu, ta yi addu'a doguwa: Allah ya tsare ta da masu cikinta, ya raba ta da mugun ji da mugun gani, ya sa ta kai su inda alheri yake. Muka shafa. Na ga kafaɗun maigidana sun sauka, kamar ya ajiye buhu.

Da za mu tafi, ta riƙe hannun rigarsa, ta yi ƙasa da murya don kada yara su ji.

"In ka taho wani karon, ka ƙara jinkiri kaɗan bisa tudun. Yau da kyar nig gama."

"To, Inna," ya ce.

Ya zagaya bayan motar ya tsuguna, ya daɗe yana duba wata taya da ba abin da ya same ta.