Ludayi a Bayan Labule

Ticha ya yi ritaya daga koyar da Turanci, amma bakinsa bai yi ritaya ba. Benci biyu ya jera a falo, ya jingina allo a jikin wani mataccen firij, yaran layin suna zuwa bita in an tashi makaranta. Ko sisi ba ya karɓa. A saurare shi kawai, shi ne abincinsa.

Matarsa, wadda yaran ke kira Kaka, ba ta taɓa zama a aji ba. To amma labule ne kawai tsakanin kicin da falo, kuma wadda ta tsufa tana jin abu ɗaya dole wani ya maƙale mata. Ta san nawun sunan abu ne, bab kuma aiki. Ta san simili shi ne a ce mutum kamar zaki, metafo kuwa a ce masa zakin ɗungurungum, ba kunya ba tsoron Allah.

Ita ta fara gane kan Ticha ya soma yoyo. Sai ya gama bayanin nawun tas, ya goge allo, ya juyo da fara'a ya ce, "Yau za mu fara da nawun." Sai ta yi dabara. Da ya maimaita, ta ƙwanƙwasa tukunya da ludayi, shi kuma ya yi gyaran murya ya wuce gaba. Ba su taɓa yin zancen ba, ko a ɗaki. Haka aka lallaɓa, har ranar da ta ƙwanƙwasa, ya ajiye alli ya nufi ƙofa yana cewa, "Wa ke sallama?"

Daga ranar aka tare a kan nawun. Mazan ajin sun samu abin dariya, suna ƙunshe baki da hannun riga. Auta ce kaɗai ba ta dariya, 'yar mai ɗinkin da ke tsallaken titi. Bara Turanci ya kayar da ita, tana maimaita aji uku na ƙaramar sakandare, kuma an gaya wa uwar in ta sake faɗuwa ta kwashe 'yarta. Ga jarrabawa ta matso. Kullum sai ta ɗaga hannu: "Sa, yaushe za mu shiga sauran kalmomin?" Shi kuma ya ce, "Ke dai da gaggawa! Gobe." Yarinya mai kunya, ba ta kai ƙarar tsoho gida ba.

Kaka na ji ta labule, abin na cin ta. Mai ɗinki kuwa bakinta ya fi kekenta gudu. In ta ji magana da safe, kafin rana ta take ta sa mata aljihu da maɓalli ta raba wa layi. Kaka ta san da haka sarai. Ta yi kwanaki tana auna mijinta da yarinyar, sannan ta ɗauki wani zane ta tsallaka.

"Kaka, wannan zanen ai lafiyarsa ƙalau," in ji mai ɗinki. "Ko zance kika kawo mini?"

"Zance ne. Ɗaga ƙafarki daga keken."

"Auta ta kusa zama Baturiya ko? Na ce wa 'yan baƙin ciki su jira sakamako."

"Ki nemar mata wani malamin. Yau, ba gobe ba."

"Subhanallahi! Rashin kunya ta yi wa Baba? Yanzu na karya ta."

"Ba ta yi komai ba, 'yar nan. Shi ne ba ya nan. Gangar jikin ce kawai ke tsaye gaban allo."

Mai ɗinki ta dafe ƙirji, ta rantse maganar a nan za ta mutu. Kafin Kaka ta kai ƙofarta ta hango ta ta zura kai shagon mai gyaran waya.

Washegari aka kai Auta wani wurin bita bayan gidan mai. Sauran iyayen ma kowa ya riƙe ɗansa a gida. Ticha ya sa farar taguwarsa, ya ɗaura lakataye a wuya a karkace, ya tsaya gaban allo yana duban ƙofa. Can ya yi wa bencin tambaya. Ya sake. Kaka ta leƙo ta ga bakinsa ya soma motsi ba magana.

Ta ajiye ludayin, ta goge hannu a zane, ta fito ta zauna a bencin gaba.

"Kin makara," ya ce, yana kallon ta ta saman tabarau. "Ke sabuwa ce?"

"Sabuwa ce, Sa."

"'Yar gidan wa?"

"Nan kusa."

"To miƙe. Mene ne nawun?"

Ta dafa bencin ta miƙe, gwiwoyi na ƙara. "Sunan mutum, ko wuri, ko abu."

"Madalla! Ba ni misali. Faɗi naki."

Ta faɗi sunan, wanda shi kaɗai ya rage a duniya yake kiranta da shi. Ya gyaɗa kai, ko gezau fuskarsa ba ta yi ba. Ya juya ya goge allo. Ƙaurin abinci ya fara shigowa ta labule, ta bar shi ya ƙone.

"Yau," in ji Ticha, "za mu fara da nawun."