Baƙuwa a Gidan Gajimare

Zazzaɓin ya fara taɓa Uwani tun da hantsi, amma ba ta kula shi ba, don abin da ke damunta ya fi ciwon kai nauyi. Shekara tara ke nan tana ɗibar ruwan rijiyoyin Dogon Marke a 'yan kwalabe, tana aika wa wata ƙungiya a birni su auna, saboda gubar dalma da haƙar zinare ke saki cikin ƙasa. Ita ba ma'aikaciyar ƙungiyar ba ce, ɗakin shan magani na garin take riƙe da shi. Don haka a babbar rajistar da ƙungiyar ke ajiyewa a intanet, wadda suke kira gajimare, an sa ta a layin baƙi. Ƙarƙashin sunanta akwai wani gurbi da suka buɗe musamman, nan ake zuba sakamakon duk ruwan da ta aika.

Ran Talata saƙo ya shigo wayarta cewa ɗaya daga cikin rijiyoyi ukun da ke cikin gari ta gurɓace, ta buɗe shafinta ta gani. Ta buɗe. Ga sunanta, ga hotonta, amma gurbin ya yi toka-toka, an rubuta a kansa: Ba ki da izinin ganin wannan. Ta kira Sha'aibu, mai kula da kwamfutocin ƙungiyar, ya ce tsari aka sabunta, zai duba. Ran Laraba ya ce sai oga ya sa hannu. Yau Alhamis ta kira sau bakwai, ba a ɗauka ba.

A zaune ta yi azahar. Ta ce bari ta ɗan kishingiɗa a bencin marasa lafiya kafin maganin ya bi jikinta. Kwanon rufi na ta ƙaƙas-ƙaƙas saboda rana, idanunta suka yi nauyi, sai ta ji bencin ya lotsa, ya naɗe ta, ya fara lilo.

Ashe ba benci ba ne. A cikin guga take zaune, tsohon gugan roba duk faci, ana jan ta. Rijiya ce, amma a kife: bakinta na ƙasa, gindinta na can cikin sama.

"Riƙe igiya da kyau, 'yar nan," in ji gugan, da murya irin ta tsohon da haƙoransa suka zube. "Na san hanyar. Kullum ni ake aikawa, ba wanda ya taɓa ce mini in kurɓa."

"Ina za mu, Baba?"

"Inda ruwanki yake zuwa."

Suka ɓullo a wata ƙasa fara mai laushi kamar audugar da raɓa ta jiƙa. Ƙafa na nutsewa, amma ba ta barin sawu. A gabansu wani gida ya miƙe ba iyaka, bangonsa na gilas, zaure cikin zaure cikin zaure. Uwani ta rataya gugan a kafaɗa ta nufi ƙofa. Mai gadin dogo ne, fuskarsa shafal kamar faranti, tana haske, ba ido ba baki, sai rubutu da ke gudu a kanta.

"Wace ce?"

"Uwani ce, ta Dogon Marke."

"Lambar sirri."

Ta buɗe baki, sai lambobin suka zubo kamar tsakuwa. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya shinshina, sannan ya tura ƙofar ta buɗe kamar faɗin tafin hannu.

"Ki shiga a karkace. Ƙofar baƙi ke nan."

Ta kutsa, zaninta ya yage a gefe. Ciki cike yake da mutane masu fararen kaya, 'yan gida, suna ratsa bango kamar masu ratsa hayaƙi. Ita kuwa duk inda ta nufa sai goshinta ya bugi gilas. Da suka gan ta suka taho da fara'a.

"A'a, Hajiya Uwani! Sannu da ƙoƙari! Ai ke ce idonmu a karkara."

Kowa ya gaishe ta sai ya zagaya bayanta, ya tsaya shiru, ya gyaɗa kai, ya wuce. Wani ma har tabarau ya sa. Tsakanin kafaɗunta ya fara ƙaiƙayi.

"Baba, me suke kallo?"

"Abin da aka rubuta a bayanki."

"An yi rubutu a bayana? Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika fara zuwa. Kowa ya ga dama yana ƙarawa."

"Karanta mini."

"Ni ma baƙo ne," in ji gugan.

Ta juya wuya, wuyan ya yi ta juyawa kamar na mujiya, amma bayan nata ya riƙa gudu yana ɓuya. Ta hango madubi a jikin wani ginshiƙi, ta ruga ta ba shi baya ta waiga. Madubin ya nuna mata ɗankwalinta, ya nuna tabon da salansar babur ta bari a ƙaurinta, amma daidai wurin rubutun sai ya ɗora wani murabba'i mai launin toka.

"Bayana ne fa," ta ce.

"Ba a musa ba," in ji madubin. "Mallaka daban, gani daban."

Ƙasar ta zame da su kamar tabarmar da aka ja, sai ga su a wata gona mai faɗi a tsakiyar gidan. Itatuwan ba su da ganye. Kwalabe ne ke reto a rassansu, dubbai, kowace da rubutun hannunta a jiki. Da iska ta kaɗa suka ɗauki ƙara gaba ɗaya.

"Uwar ɗakinmu ta zo! Uwar ɗakinmu ta zo!"

"Ni ce wadda kika ɗebo ranar da babur ya kayar da ke a kwari," in ji wata. "Kika ɗaga ni sama don kada in fashe, kika bar gwiwarki ta sha ƙasa."

"Ni kuwa da cikin wata takwas kika sunkuya kika ɗebo ni," in ji wata.

Hawaye ya cika mata ido, amma ba ta tsaya ba, don ta hango abin da ya kawo ta. Can gefe, a kan wani teburi, an ware kwalabe uku: ta rijiyar kasuwa, ta rijiyar masallaci, da ta rijiyar gindin kuka. An toshe bakin kowace da danƙo baƙi ƙirin. Ta durƙusa a gabansu kamar mai gaida surukai.

"Don girman Allah, wacce ce a cikinku?"

Ruwan cikinsu ya motsa, ya yi kumfa, ya bugi danƙon ya koma. Sai ga wani ɗan gida ya zo wucewa da takardu a hammata. Ya kara kunne, kwalaben suka raɗa masa, ya girgiza kai.

"Kai! Abin tausayi. Har da yara ke sha, ko?"

"Yallaɓai, wacce suka ce?"

"Ai ba sashena ba ne, Hajiya. Ki rubuto." Ya duba agogo. "Lokacin cin abinci ya yi."

Ta kai hannu ta cafki rigarsa, hannun ya wuce ta ciki, ya fito a jiƙe da raɓa.

"Kada ki gajiyar da kanki," in ji gugan. "Zo mu je wurin mai famfo."

Suka bi wani soro mai gangara, ya kai su ɗakin da ba shi da rufi. Bangon duk kawunan famfo ne, jeri bisa jeri har inda ido ya ƙare, kowane da sunan mutum a ƙasansa. Waɗansu na kwarara, waɗansu na ɗiga, da yawa sun bushe har gizo-gizo ya yi saƙa. Wani saurayi mai hannu goma sha biyu yana ta murɗe-murɗe, gumi na zuba. Ba ta taɓa ganin Sha'aibu ido da ido ba, amma da ya yi magana ta gane muryar. Duk inda ta zagaya, ƙeyarsa take gani.

"Hajiya, wallahi ina sane da ke. Kin ga yadda abin yake."

"Malam Sha'aibu, me na yi muku?"

"Ba ki yi komai ba."

"To wa ya rufe nawa?"

"Ba wanda ya rufe. Da aka kawo sababbin famfunan, haka na baƙi suka zo a rufe. Ban hana ki ba, Hajiya. Ban dai ba ki ba."

Wannan ya fi mata ciwo fiye da a ce wani ne ya tsane ta. Da maƙiyi ne, da ta san gidansa, ta aika dattawa.

"To buɗe mana. Ga shi nan kusa da gwiwar hannunka."

"Sai oga."

Ya nuna da hannu ɗaya daga cikin sha biyun. A ƙuryar ɗakin akwai wata kujera mai juyawa, an rataya mata kwat, ba kowa a kai. Kujerar ta juyo a hankali, ta yi gyaran murya.

"Muna matuƙar alfahari da ke," in ji kujerar. "Amma tsari tsari ne. Don kare sirrin jama'a aka yi shi."

"Wace jama'a, ranka ya daɗe?"

"Mutanen Dogon Marke."

"Su ne fa ke shan ruwan."

"Shi ya sa. Bayanansu amana ne a hannunmu. Ba za mu bar kowane baƙo ya leƙa ba."

"Ni na haifu a garin. Ni na ɗebo ruwan da hannuna."

"An rubuta wannan," in ji kujerar cikin ladabi. "Yana bayanki." Kujerar ta juya ta fuskanci bango.

Uwani ta ture hannuwan Sha'aibu, ta kama famfon da ke da sunanta da hannu biyu ta murɗa da iya ƙarfinta. Kan famfon ya ɓalle ya biyo hannunta. Babu bututu a bayansa, ba a ma taɓa haɗa shi da komai ba. Rami ne kawai, iska na busowa ta ciki.

Ta kara ido a ramin. Can ƙasa ga Dogon Marke, ƙanƙane kamar an zana shi a faifai, rijiyoyin uku na kallonta kamar idanu. Igiyoyi na sauka suna hawa. Ana cika tuluna, ana dama koko, ana ɗura wa jarirai. Ta kwarma ihu, ta kira sunayen matan da ta sani ɗaya bayan ɗaya, amma kowace kalma ta fito sai ta daskare ta zama ɗan murabba'in toka, ta faɗi a gaban ƙafarta. Suka taru har suka kai mata gwiwa.

Ta zauna a kansu. "Baba, to me aka bar mini a gidan nan?"

Ruwa na ɗiga ta facin gugan.

"An bar miki ki kawo," ya ce. "An bar miki ki gode. In za ki fita kuma, an bar miki ki ja ƙofa."

"Shi ke nan?"

"Ni da na fi ki daɗewa, ko ta ukun ba a ba ni ba."

Sai ta ji igiyar da ke ɗaure da gugan ta yi sako-sako, kamar mai riƙon ya tafi wata sabga ya manta. Ƙasar audugar ta tsage. Suna faɗowa, iska ta ɓare rubutun daga bayanta kamar ɓawon rogo, takardar ta sha gabanta tana juyi. Ta miƙa hannu. Layin farko sunanta ne, an ma rubuta shi ba daidai ba. Na biyu kwanan wata ne da bai zo ba tukuna. Na uku ya fara da "Rijiyar", takardar ta kife, ta sake juyowa...

"Salamu alaikum! Malama! Malama Uwani!"

Ta zabura ta tashi, rigarta sharkaf da gumi, bakinta ɗaci. Inuwa ta riga ta karkata, la'asar ta yi. Mai unguwa Tanimu ne tsaye a bakin ƙofa, carbi a hannu.

"Subhanallahi, ashe ba ki da lafiya. Sannu. Na ji an ce sakamako ya fito tun shekaranjiya, jama'a sun dame ni. Wacce ce?"

Ta lalubi wayar, ta duba, gurbin na nan toka-toka, ta kife ta a kan benci.

"A rufe duka ukun, Baba Mai unguwa."

"Duka? Haba Malama. Rafi fa tafiyar awa guda ce, ga masu ciki, ga tsofaffi. Ai cewa aka yi ɗaya ce."

"Ɗaya ce."

"To wacce?"

"Ban sani ba."

Ya dube ta kamar bai ji da kyau ba. "Ke da kike ɗibar ruwan?"

Ta dafa bango ta miƙe, ta je ta cire kwaɗon da ke jikin kabad ɗin magani, ta auna nauyinsa a tafin hannunta.

"Ga ɗaya. Ka nemo mana biyu, da marufi."

"Matan nan za su tsane ki, Malama."

"Su tsane ni, in dai suna raye da ƙafafunsu," ta ce.

Ta ja mayafi ta fita, jiri na ɗibarta. Tun daga nesa matan da ke bakin rijiyar kasuwa suka fara ɗaga mata hannu suna yi mata sannu da jiki, don ba su riga sun ga abin da ke hannunta ba.