Kujerar Bakin Ƙofa

A cikin awarwaron da Rediyo ke sawa a hannun dama akwai guda ɗaya da ya tsage. Idan ta motsa hannu sauran su yi amo, shi kuwa ya yi wata ƙara busasshiya kamar an buga cokali a kofin roba. Babu wanda ya taɓa lura da wannan a shagon ɗinkin sai Auta. Ita kanta mai awarwaron ba ta sani ba, don bakinta ba ya hutawa balle kunnenta ya samu aiki.

Shagon a saman bene yake, ɗaki ɗaya dogo, da taga mai kallon titi da labule a ƙarshensa inda ake ajiye yadi da zare. Mata huɗu ne ke yi wa mai shagon aiki. Akwai Gwaggo mai yanka, wadda ta girme su duka. Akwai Amarya, wadda aurenta ya daɗe amma sunan ya ƙi barinta. Akwai Rediyo, wadda ta fi kowa hannu a keke, ta kuma fi kowa baki. Sai Auta, da ake kira haka don ita aka ɗauka daga ƙarshe, ko da yake 'yarta har ta shiga makaranta.

Auta tana da in'ina tun tana yarinya. Da yake magana wahala take ba ta, sai ta zama mai sauraro. Tana iya rufe ido ta faɗi keken wa ke gudu: na Amarya yana tsayawa yana tashi kamar mai shawara, na Rediyo kuwa idan ya kama layi ba ya numfashi sai ya kai ƙarshe. Ta san almakashin Gwaggo a kan leshi daban yake da a kan yadi mai kauri. Ta san fankar sama tana fara gurnani kafin a ɗauke wuta. A ƙasa kuma ta san kukan ƙofar ƙarfe, da rediyon mai gyaran waya, da tarin mai gadin ginin.

Ta daɗe tana sa maɓalli da kalmasa kafin mai shagon ta ba ta keke nata na kanta. Aikin farko mai nauyi da aka damƙa mata doguwar riga ce ta leshi, ta wata kwastoma da ake ji da ita. Ta ɗinka ta tsaf, ta rataye, ta shiga bayan labule neman zif na wani aikin. A lokacin Gwaggo ta fita sayen zare, Amarya kuma ba ta zo ba. Daga bayan labulen ta ji an sauke rigar daga ƙugiya, ta ji an ɗaga dutsen guga, ta ji hucinsa. Sai waya ta yi ƙara. Awarwaro ya bar teburin guga ya nufi taga, da busasshen nan a tsakiyarsa, hira ta ɓarke. Kafin Auta ta gane cewa ba ta ji an mayar da dutsen mazauninsa ba, ƙauri ya cika ɗakin.

Da mai shagon ta zo ta ga tabon dutsen guga ɓaro-ɓaro a ƙirjin rigar, tambaya ɗaya ta yi: wa ya yi wannan? Rediyo ta ce ai Auta ce ta ɗinka, ita ya kamata a tambaya. Auta ta buɗe baki, kalmar farko ta maƙale. Ta tsaya a kan “ba”, ta koma, ta sake tsayawa, jijiyar wuyanta ta tashi. Mai shagon ba mai haƙurin jira ba ce. Ta ce tunda keke ya fi ƙarfinta ta koma inda ta fito. Aka lulluɓe keken da zane, aka ajiye mata kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofa, da gwangwanin maɓallai.

Da yamma Rediyo ta same ta tana ɗaure jaka, ta tura mata biskit a hannu.

“Ki yi haƙuri, ƙanwata. Ke sabuwa ce, faɗa kawai za a yi miki. Ni da sai dai ki ji an ce na tattara.”

Auta ta karɓi biskit ɗin. A hanya ta ba wani kare. Washegari Rediyo ta raɗa mata sabon suna, Manajan Maɓalli, har Amarya ta yi dariya kafin ta tuna ta rufe baki.

Kujerar bakin ƙofa tana da abu ɗaya da babu a ko'ina cikin shagon: daga nan ana jin matattakala, ana jin farfajiyar ƙasa. Auta ta koyi zuwan mai shagon kamar karatu. Da farko ƙofar ƙarfe ta yi kuka sosai, don mota za ta shigo. Sai ƙofar motar, wadda ba ta kamawa sai an sake bugawa. Mai gyaran waya ya rage rediyonsa, ya ja gaisuwa mai tsawo da ba ya yi wa kowa sai ita. Sai makullai, sai takalmi mai tsini a kan ƙarfe. A tsakiyar hawa takan tsaya ta huta, don gwiwarta na damunta, sannan ta ƙarasa.

Ranar farko da Auta ta ƙwanƙwasa almakashi a ƙafar kujera, alamar mai shagon na tafe, don Gwaggo ta yi, wadda ke gyangyaɗi a kan tarin yadi bayan cin abinci. Amma Rediyo ce ta fi kowa cin moriyar abin. Tana da kwastomominta na gefe, tana shigo da ɗinkinsu a ƙasan jaka, tana yi da zaren shago da wutar shago. Dokar mai shagon kuwa kowa ya san ta: duk wadda ta kama da aikin waje a ɗakinta ta tattara nata ya-nata, babu roƙo. A da Rediyo a tsorace take yi, rabin hankalinta a ƙofa. Yanzu ta samu mai gadi.

Auta kuwa ta riƙe gadin da gaskiya. Ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa ƙwanƙwasawa a banza ba. Tana ji Rediyo na yabon kunnenta, wai Manaja ko tururuwa ce ta hau bene sai ta ji. Tana ji kuma yadda tsoro ke fita daga aikin Rediyo: ta daina tsayar da keke don ta saurara, ta daina ajiye jaka a buɗe kusa da ƙafa. Auta tana zare da allura, kanta a sunkuye, tana kiwon wannan sakacin kamar mai kiwon kaza. Kullum idanta ya faɗa kan keken da aka lulluɓe sai ta mayar da shi kan allurarta, ta ci gaba da jira.

Damar ta zo ba sau ɗaya ba, ta bar ta ta wuce. Wata rana siket ne kawai a keken Rediyo, abin da za a iya cusawa ƙarƙashin cinya a ce gyara ne. Wata rana aikin ya kai, amma Gwaggo ta yi nisa a barci har da minshari, kuma Auta ba ta da abin da za ta rama a kan Gwaggo. Ta ƙwanƙwasa, tana jin kamar haƙorinta take cirewa.

A kusurwar shagon akwai keken surfani, sabo, wanda mai shagon ke ji da shi kamar ɗan fari. Ita kaɗai ke zama a kansa. Sannu a hankali Rediyo ta fara zagaya shi. Ta fara da shafawa, ta koma gwadawa a kan ƙyalle, tana cewa ai ƙarfe ba ya kai ƙara. Da ta samu aikin rigar wata amarya a unguwarsu, mai son surfani tun daga wuya har ƙasa, sai ta shigo da ita a ranar da mai shagon ta ce za ta je asibiti a duba mata gwiwa. Gwaggo ta yi mata magana, ta ce wannan fa wuce gona da iri ne.

“Gwaggo, kwantar da hankalinki. Muna da Manaja a ƙofa.”

Ta shimfiɗa rigar, ta ɗaure ta a jikin keken, ta kunna. Ƙarar ta cika ɗakin, ta danne fanka, ta danne titi. Auta ta ja kujerarta ta matsa har kafaɗarta ta taɓa ƙyauren ƙofa. Gwaggo ido biyu take, tana zana alli a kan yadin kwastoma. Amarya tana kan aikin shago. Rigar kuma ba irin wadda ake cirewa da sauri ba ce, sai an kwance, an yanke zare.

Rana ta ɗan karkata lokacin da ƙofar ƙarfe ta yi kuka. Auta ta ji ta ta cikin katakon ƙyauren kafin ta ji ta a kunne. Ƙofar mota ta bugu, ta sake buguwa. Rediyon mai gyaran waya ya yi ƙasa. Hannun Auta ya tafi wajen almakashi da kansa, don ya saba. Ta dawo da shi, ta ɗauki maɓalli fari, ta soka allura. Makullai suka yi amo. Takalmi ya hau ƙarfe.

Sai zare ya tsinke.

Keken surfani ya tsaya cak. Ɗakin ya yi tsit, irin wanda har ana jin allin Gwaggo a kan yadi. Mai shagon tana tsakiyar matattakala, inda take hutawa. Da ta ɗaga ƙafa kowa zai ji, kuma Rediyo mai hanzari ce, za ta iya jefa zane a kan keken ta tsaya a gabansa ta ƙirƙiro labari. Auta ba ta tsaya shawara ba. Ta sa gefen ƙafa ta ture gwangwanin.

Maɓallai suka watse a kan siminti kamar ruwan ƙanƙara, na roba da na ƙarfe, suna tsalle suna gangarawa ƙarƙashin kekuna, gwangwanin kansa yana mirginawa yana ƙara. Amarya ta dafe ƙirji. Rediyo ta fashe da dariya, ta miƙe da zare a baki. Ta ɗauko tef ɗin awo ta rataya a wuya, ta dafa gwiwa tana ɗingishi, ta shaƙe murya irin ta mai shagon, ta ce wannan yarinya za ta kashe ta, an ba ta keke ta ƙona, an ba ta maɓalli ta zubar, gobe iska za a ba ta ta riƙe. Sannan ta juya ta zama Auta, ta langaɓe kai, ta kama “ba” tana ja tana maimaitawa. Ta yi nisa kafin ta lura ita kaɗai ke dariya.

“Ci gaba mana,” in ji mai shagon daga bakin ƙofa. “Ina jin ki.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tsallake maɓallan, ta wuce Rediyo kamar ba ta gan ta ba, ta tsaya a kan keken surfani. Ta ɗaga gefen rigar da yatsa biyu, ta duba zaren, ta tambaya ko ta wace kwastoma ce, don ita ba ta tuna ta karɓi wannan yadin ba. Rediyo ta fara cewa gwaji ne, ta bari. Ta fara cewa ta 'yar'uwarta ce, ta bari. Mai shagon ta ce ta kwance rigarta a hankali kada ta karya mata allura, ta haɗa da duk abin da yake nata. Sannan ta juyo ga Auta, wadda ke durƙushe tana tsince, ta ce ita kuma maɓallin ma ya gagare ta, to kada ta bar ko ɗaya a ƙasa. Ta shige bayan labule don ta duba nawa aka ci mata na zare.

Gwaggo ta sunkuyo kamar mai taya tsinta, ta kawo baki kusa da kunnen Auta.

“'Yar nan, yau ba ki ji ta ba ne?”

“Na ji ta,” in ji Auta. “Tun daga ƙ-ƙofar ƙarfe.”

Gwaggo ta daɗe tana kallonta. Ta zuba maɓallan da ta tsinta a gwangwani, ta koma teburinta. Amarya ta kunna kekenta ta kashe.

Auta ta ci gaba da tsinta, kunnenta a kan Rediyo. Ta ji an yanke zare, an kwance rigar da surfaninta ya tsaya a rabin ƙirji, an naɗe ta. Ta ji an jawo aljihun tebur, almakashi da kofin shayi da cajar waya sun shiga jaka. Tana jiran zagi, har tana marmarinsa. Ta riga ta shirya amsarta, gajera, da kalmomin da ba sa maƙale mata, ta yi ta maimaita su a zuci tun ranar da aka lulluɓe mata keke.

Rediyo ta rataya jaka ta zo bakin ƙofa. Auta na durƙushe a kan hanya, ba ta matsa ba, ta ɗago kai ta dube ta ido cikin ido. Leɓen Rediyo ya motsa. Ta dubi Auta, ta dubi gwangwanin, ta gyara naɗin rigar a hammata. Sannan ta raɓa ta gefe, ta fita.