Kumbon Kara

"Karkata shi hagu! A'a, hagunki, ba nawa ba!"

Muryar Micah ce daga cikin ɗaki, a shaƙe kamar ta wanda ya sha gudu. Matarsa Leah tana durƙushe a bakin ƙofa ta waje, ta tallafi wani dogon abu mai tsini, launin toka, wanda ya leƙo kamu biyu ya tsaya cak. Karo na huɗu ke nan suna gwadawa tun hantsi.

"Ya taɓa bango," in ji Leah. "Na ji ya yi ƙara. Don Allah ka mayar da shi."

Maikano yana zaune a gindin darbejiyar tsakar gida yana sassaƙa ƙotar fartanya, ya yi kamar bai ji ba. Micah ɗansa ne na fari, shekararsa talatin da ɗaya, ya yi karatun fasaha a birni, yana gyaran waya a Ɗambatta ranar kasuwa. Amma shekara biyu ke nan, da ya dawo daga gona sai ya shige tsohon ɗakin marigayiya mahaifiyarsa da karan dawa da kwali da reza, ya ja ƙyaure. Unguwa duka ta san ɗan Maikano, mai mata da gemu, yana wasan kara irin na yara. Maikano bai taɓa yi masa faɗa a kai ba, bai kuma taɓa leƙa ɗakin ba.

Yanzu wata makarantar kimiyya a Kano ta ga hotuna, ta gayyaci Micah ya kai aikinsa bajekoli. Motar a-kori-kura tana ƙofar gida, direbanta Naziru ya riga ya faɗa sau biyu cewa da azahar zai tashi, da kaya ko ba kaya, domin da la'asar ake rufe zauren bajekolin.

Micah ya sunkuyo ya fito, gumi ya jiƙe masa riga. Ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da uban.

"Baba, ina son aron zarto."

"Me za ka yanka?"

"Kumbon. Akwai zobe a tsakiyarsa, ya fi ƙofar faɗi. Idan na raba shi biyu zai fita."

"In ka raba, zai koma yadda yake?"

Micah ya kalli ƙasa. "Zai haɗu," ya ce. "Amma ba zai ƙara juyawa ba."

"Ba ka auna ba ne?"

"Na auna komai, Baba. Inci ɗaya a nan, inci arba'in da takwas a jiragen gaskiya. Ƙofar ce kawai ban auna ba." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Tun ina rarrafe nake shiga ta cikinta. Ban taɓa tunanin tana da awo ba."

Maikano ya ajiye gizago. Bai taɓa ba da zartonsa ba sai ya ga abin da za a yanka, kowa ya san haka, kuma da wannan dalilin ya miƙe, ya dafa gwiwa, ya sunkuya ya shiga ɗakin.

Sai da idonsa ya saba da duhu. Abin da ya fara gani jirage ne, goma sha ɗaya, rataye da zare daga tsaikon jinka, suna lilo a hankali saboda iskar da ya shigo da ita. Jiragen yaƙi ne, irin waɗanda kan tsaga sama su wuce kafin mutum ya ɗaga kai daga kunya. Bai taɓa ganin ɗaya a kusa ba. Ga su nan a tsaye a gaban hancinsa, da fukafukai masu lanƙwasa baya, da makamai jere a ƙarƙashi kamar haƙoran mataji, da ƙananan tayoyi, har da ɗan mutum zaune a cikin gilashi. Ya kai yatsa ya taɓa ɗaya. Totuwar kara ce, an goge ta har ta yi santsi kamar ƙwai, an kafe ta da ƙayar aduwa.

Sannan ya sauke ido ya ga kumbon.

Ya cika ɗakin daga bango zuwa bango, a kan gammo uku. Doguwar gangar jiki ce, ta ratsa ta tsakiyar wani babban zobe wanda mutum biyu ba za su kewaye shi da hannu ba. Jikin zoben duk tagogi ne, ɗaruruwa, kowace ba ta wuce farce ba, an yanko su daga fuskokin matattun wayoyi.

"Wannan na wace ƙasa ne?" Maikano ya tambaya. Shi kansa ya ji muryarsa ta yi ƙasa, kamar a cikin majami'a.

"Ba na kowa ba ne. Ba a yi irinsa ba tukuna. Na tafiya taurari ne, Baba, tafiyar shekara ɗari biyu. Waɗanda suka shiga ba su ne za su sauka ba, sai tattaɓa-kunnensu." Micah ya danna wani abu a ƙasa, haske ya kama a cikin zoben. "Leƙa ta nan."

Maikano ya durƙusa ya kafa ido ɗaya a taga. Gona ce a ciki. Kunyoyi ne a jere, da dawa kore da aka yi da zare, da gawo guda a tsakiya, da rumbuna uku, da rijiya mai gwafa. Ƙasar ta lanƙwasa ta hau sama, ta bi zoben har ta kife a bisa kansa, kuma can a sama ma gona ce, da akuya tsaye ƙafafunta a rufi. Ya san gawon. Ya san yadda kunyoyin suka kauce wa tsohuwar suri a kusurwar gabas. Gonarsa ce ta bayan gida, wadda ya gada, an ɗauke ta za a kai inda ko tsuntsu bai taɓa zuwa ba.

Ya daɗe a haka. Ya ji bakinsa yana motsi da sunan Ubangiji ba tare da ya yi niyya ba.

"Shukar nan ta yi kauri," ya ce daga ƙarshe, bai ɗago ba. "Ba za ta yi zangarniya ba."

"Za su yi cira, Baba."

Maikano ya miƙe. Ya dubi ƙofa, ya dubi bango. A fasa ƙofa, rabin ɗakin ne zai zube, domin tubalin ya tsufa. Sai ya ɗaga kai ya dubi jinka. Shi ya ɗaure tsaikonta a ƙasa shekara tara da suka wuce, ya baibaye ta da shuci, maza suka ɗora ta a kan bango. Abin da aka ɗora ana iya saukewa. Amma ya ga inda gara ta bi sanda biyu ta yamma, ya kuma san idan ta karye a hannu, a kan kumbon za ta faɗa.

"Sauke waɗannan jiragen," ya ce. "Ki kawo faifai da tire, Leah. Kada kowa ya taɓa zarto."

Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Lokacin kai taki gona ne, maza duk suna waje da jakuna da mangaloli. Uba ba ya yabon ɗan fari, ba ya ma kama sunansa, balle ya bi gona-gona yana tara jama'a saboda shi. Maikano ya bi. Ya fara da Dabo, maƙwabcinsa kuma sa'ansa, wanda suka yi kiwo tare kafin Dabo ya zama na'ibin liman, Maikano kuma dattijon majami'a.

"Gayya nake kira, Malam. Za a ɗaga jinka."

"Da bazarar nan? Wa ya yi sabon ɗaki ban ji ba?"

"Saukewa za a yi. Akwai kayan yaron nan da suka ƙi fita."

Dabo ya jingina da shebur, ya dube shi sama da ƙasa. "Wasan karan? Kai Bamaguje, tsufa ya fara taɓa ka. In bar takina a rana in je in cire wa ɗaki hula saboda motar kara?"

"Ka zo ka gani. In ka ga wasa ne, ni zan watsa maka takin."

"Da wannan gwiwar? Gara in zo, kada ka mutu mini a gona." Ya juya ya ƙwala wa 'ya'yansa kira.

Kafin rana ta take, mutum goma sha bakwai sun taru, mata sun cika bakin danga. Wasu suna dariya a ɓoye. Maikano ya shiga da mutum huɗu masu gwafa, ya tsayar da kowa inda yake so, nesa da sandunan da gara ta ci. Sauran suka kewaye ɗakin ta waje, kafaɗa a ƙarƙashin bakin jinka. Ya sa Micah da Leah suka miƙa zane a bisa kumbon saboda ƙura.

"Ba wanda zai yi gaggawa," ya ce. "Na yamma, ku ne masu lalura, tallafa kawai za ku yi. In na ce tashi, a tashi tare."

"Bismillahi," in ji Dabo daga waje.

"Da ikon Allah," in ji Maikano. "Tashi!"

Jinka ta yi nishi. Wani siririn haske ya kewaye saman bango kamar an zana shi da wuƙa, sannan ya faɗaɗa. Ƙura da kashin ɓera da tsohuwar sheƙar zanzaro suka zubo a kan zanen. Sai aka ji ƙas, ta yamma.

"Ta karye!" wani ya yi ihu.

"Kada a tsaya! Gabas, ku ja! Dabo, shiga ƙarƙashinta!"

Dabo, mai shekara saba'in, ya cusa kansa da kafaɗarsa inda sandar ta karye. Jinka ta yi tangaɗi, ta sunkuyo har shuci ya shafi zanen, sannan ta zame ta bisa bango, ta tafi a kan kawunan mutane kamar ƙaton kunkuru mai ƙafa talatin. Da aka dire ta a fili sai ta buɗe gida biyu, ta kwanta.

Ba wanda ya kalle ta. Micah ya yaye zanen. Mutum shida suka sa hannu a ƙarƙashin kumbon, suka ga ko nauyin ɗan akuya bai kai ba, suka ɗaga shi sama da kai.

Waɗanda ke waje ba su ga hannuwan ba. Abin da suka gani shi ne tsini ya ɓullo daga cikin ɗaki marar rufi, sannan zoben ya biyo, a hankali, ya hau cikin hasken rana tsaka. Tagogin suka kama ƙyalli gaba ɗaya. Iska ta taɓa shi, zoben ya fara juyawa da kansa, yana watsa ɗigon haske a bango da danga da fuskokin mutane. Dariya ta ɗauke. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Sannan wata mata ta saki guɗa, sauran suka amsa.

"Subhanallahi," in ji Dabo, shuci cike da rawaninsa. "Da karan da muke ba wa murhu?" Ya matso kusa da Maikano. "To wai yana tashi?"

"Wannan ba ya tashi. Samfuri ne," in ji Maikano, kamar wanda ya shekara yana bayanin. "Inci ɗaya a nan, arba'in da takwas a can. Na gaskiyar ba a ƙera shi ba tukuna."

"Iye! Ashe da injiniya nake zaune ban sani ba."

Aka shimfiɗa katifa a bayan mota, aka kwantar da kumbon, aka jera jiragen a cikin kwalaye. Naziru ya jawo igiyar roba zai ɗaure, Maikano ya riƙe masa hannu.

"Wannan yanka shi za ta yi. Leah, kawo rama, ki jiƙa ta."

Shi ya ɗaure da kansa, sako-sako inda kara yake, tamau inda katako yake. Ya girgiza motar ya gani, bai gamsu ba.

"Yaya hanyar take daga nan zuwa kwalta?"

"Sai a hankali, Baba," in ji Naziru. "Ramuka ne har Dawanau."

Daga masallaci aka fara kiran azahar. Micah ya zo ya durƙusa a gaban uban.

"Tashi ka shiga gaba," in ji Maikano. "Kai za su yi wa tambaya, kada ka isa da ƙura."

"To wa zai riƙe shi a baya?"

Maikano ya miƙa wa Dabo sandarsa, ya kama ƙarfen motar, ya ɗora ƙafa a kan taya. Sai da mutum biyu suka tura shi.

"Maikano!" in ji Dabo. "Jinkar fa? Ka bar ɗaki a buɗe, ga gabas ta fara haɗa gira."

"A kwashe tukwanen marigayiya a kai ɗakina. Sauran in na dawo."

Ya zauna a kan katifa, ya rungumi gangar kumbon da hannu ɗaya, ya bar zoben a sake. Mota ta ja. Da suka fita daga inuwar gidaje iska ta ƙaru, zoben ya ɗauki juyi. Maikano ya sunkuya ya kai ido kusa da tagogin da ke wucewa. Gawo ya hau sama, ya kife, ya sauko, rumbuna suka bi shi, ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba.